Ki Bari Sai Oktoba

Al Satwa, Dubai
Farkon watan Yuni

Zuwa ga ɗana Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, karatu yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Babanka Sanda yana gaishe ka, kullum yana kasuwar Al Sabkha shi da kwalayensa da 'yan kago. Safiya abokiyar ɗinkina ma ta ce in gaishe ka.

Na gaji da wannan kiran wayar da muke yi. Nan ba a kira ta WhatsApp, ku can kuma ka ce sai da dabara yake buɗewa, rabin hirar tamu "kana ji na?" ce. Shi ya sa Safiya ta ƙara min girman rubutun wayata, na ce zan riƙa rubuto maka ta imel.

Ga maganar da ta sa na rubuto. Ka san Agusta a nan kasuwa mutuwa take yi, masu kawo ɗinkin abaya duk sun gudu wa zafi. Babanka kuma zai je Gwanzo, can ƙasar Sin, saro kaya a watan, ya ce daga can zuwa Xiamen ɗin naku ba nisa. Na ce masa wannan karon ƙafata ƙafarsa. Duk zamana a ƙasar nan ban taɓa yin abin da ake kira hutu ba, daga Kano sai Umara. Tun ranar da mahaifiyarka Yaya Halima ta rasu ta bar min kai kana rarrafe, ba ka taɓa kwana a ɗakin da ban sani ba sai da ka tafi Sin. Ina so in zo in ga garin nan naka tun idona yana gani.

Ka rubuto min komai: abin da zan ci, inda zan yi salla, kayan da zan ɗauko. Kada ka ce min "komai akwai" irin na 'yan zamani.

Innarka,
Maimunatu

*

Xiamen, Sin
Tsakiyar Yuni

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da Anti Safiya. Lafiyata ƙalau. Da na karanta saƙonki a ɗakin bincike sai da na miƙe tsaye, abokan karatuna suka zaci wani abu ya fashe.

Tunda kin ce komai, to ga komai.

Garin a bakin teku yake, tsakiyarsa ma tsibiri ce. Ba irin tekun Jumeirah na Dubai ba da ke kewaye da rairayi da gilashi. Nan kore ne ko'ina, itatuwa har kan duwatsu, ga wani fure mai kamar takarda da ke hawa katangu, ja da ruwan hoda da fari. Akwai hanyar da ta zagaye bakin ruwan, da yamma tsofaffi suna fitowa rawa a hankali, wasu suna dafa shayi a kofuna ƙanana kamar murfin kwalba. In sun miƙo miki ki karɓa, ba madara ba sukari, kuma kada ki yamutsa fuska.

Abinci: za a ce ki ɗanɗana taliyar garin mai miyar gyaɗa. Ki ce kin ƙoshi, don sau da yawa da alade ake haɗa romon. Mu wurin Musulmin Sin muke ci, masu farar hula, suna jan taliya da hannu a gabanki su zuba naman sa. Kifi kuwa sai kin ture, za mu saya ɗanye mu dafa da kanmu. Ki taho da yajinki da daddawa da kuka, wannan roƙo ne ba shawara ba.

Salla: akwai masallaci a tsohon gari, a saman bene yake, ranar Juma'a za ki ga 'yan Pakistan da Larabawa da mu. A wani gari kusa da nan, tafiya kaɗan a jirgin ƙasa, akwai masallacin dutse da ya kai shekara dubu, da ayoyi a jikin bangonsa. Baba zai so shi.

Abin da na fi son ki gani wani ƙaramin tsibiri ne, Gulangyu, ana shiga jirgin fito a tsallaka. Babu mota ko ɗaya a cikinsa, sai ƙafa. Ki zo da takalmi mara tsini.

Amma Inna, ba Agusta ba. Watan nan shi ne mafi muni a shekara. Zafin ba ya kai na Dubai, amma gumi ne kamar an rufe mutum a tukunyar dambu, kuma lokacin guguwar teku ne, wadda suke ce wa taifun. In ta taso ana tsayar da jiragen sama da na ruwa, kowa ya kulle kansa a ɗaki. Ba na son ki sha wannan doguwar tafiya ki ƙare a kallon bango. Ki bari sai Oktoba, wajen ƙarshensa, bayan hutun ƙasa ya wuce jama'a sun ragu. Lokacin sama tas take, iska mai daɗi, furannin nan duk sun buɗe.

Zancen "tun idona yana gani" kuwa, tun ina firamare kike faɗar haka in kina son in yi shara. Idon da ke hango zaren da ya kauce daga ƙofar shago, ai Oktoba ba ta yi masa nisa ba.

Ɗanki,
Izzuddeen

*

Al Satwa
Ƙarshen Yuni

Izzuddeen,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kai ma haka.

Saƙonka ya iso, na sa Safiya ta sake karanta min ƙarshensa don kada in ce ni ce ban gane ba. To, na ji. Kai ka san garinka. Tunda ka ce Oktoba, Allah ya kai mu.

Kuka da daddawa zan ba Babanka ya aiko maka daga Gwanzo.

Innarka

*

Xiamen
Ƙarshen Yuli

Inna,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Malaminmu ya ɗauke mu a jirgin bincike muka shiga teku ɗebo ruwa da auna shi, can kuwa babu sabis. Na aiko miki da saƙon murya kafin mu tashi, yanzu na ga ashe bai tafi ba. Jiya muka sauka, na yi baƙi kamar gawayi, amma lafiya lau.

Na karanta wasiƙarki ta ƙarshe har ban san sau nawa ba. Inna, ke ce za ki rubuto min layi huɗu? Babu labarin shago, babu ƙorafin Baba ya ƙi shan maganinsa. Kuma tun daga lokacin ba ki sake cewa komai ba.

In zato kike akwai abin da nake ɓoyewa a nan, wallahi babu. Ba mace, ba rigima, ba faɗuwa jarrabawa. Ɗakina gado ne da tebur da tukunyar shinkafa. Guguwar nan da gaske ce. Wadda aka yi shekarun baya, har yau mutanen garin suna nuna wuraren da ta tumɓuke manyan itatuwa.

Na riga na yi magana da wani masauki kusa da bakin ruwa saboda Oktoba, ɗakin ƙasa, don gwiwarki. Ki ce min wani abu.

Ɗanki,
Izzuddeen

*

Al Sabkha, Deira
Ƙarshen Yuli

Izzuddeen,

Salamu alaikum. Babanka ne Sanda. Ka san ni ba mutumin rubutu ba ne, daga ofishin kago nake buga wannan, ana loda kwantena a kaina, sai ka yi haƙuri da yadda ya fito.

Innarka ta nuna min saƙonka. Ta zauna za ta amsa, ta ajiye wayar. Na ce in ba za ta faɗa ba ni zan faɗa, ta ce in yi abin da na ga dama. To ga shi.

Maganar ido da ta yi maka ba salon magana ba ne. Tun bayan azumi take bugun gefen ƙofa, in na ajiye kofi a hagunta ba ta ganinsa. Ita ta ɗauka gajiyar sa duwatsun ado a abaya ce. Muka je asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cinta ba ciwo ba komai. Na hagun ya kusa tafiya, shi ke nan, wannan ba ya dawowa. Na daman yana gani, amma ta ce kamar mai leƙe ta bututu. An ba ta maganin ɗigawa, bai sauke shi yadda ake so ba, shi ne likita ya sa aiki farkon Satumba don a tsare abin da ya rage. Ya gaya mana gaskiya: yawanci ana dacewa, wani lokaci kuma ba a dacewa. Kuma bayan aikin ba tafiya sai ido ya warke.

Shi ya sa ta ce Agusta. Ita a ganinta ta gaya maka, kai kuma ka mayar da abin wasa. Na ce mata, "Maimunatu, yaron nan duba yake yi? Rabin magana kika ba shi." Ta ce ɗan da ta goya bai kamata sai ta yi masa dalla-dalla ba. Ka san halinta.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. Makon jiya ta ce wa likita a ɗaga aikin zuwa Nuwamba, wai sai ta je ta dawo, tunda ɗanta ya ce Oktoba. Likitan ya cire tabarau ya ce, "Mama, duk watan da kika ƙara, daga idonki kike biya." Na yi faɗa, na yi lallashi, Safiya ta yi. Ba ta jin ta kowa a kan wannan sai taka.

Bizarmu ta fito tun tuni. Yalla, maza, ka san abin da za ka rubuta mata.

Sanda

*

Xiamen
Daren da saƙon Baba ya iso bai kai ga wayewa ba sai ga wannan, farkon Agusta

Inna,

Ina gaishe ki. Ya jikin? Ya idon?

Baba ya gaya min. Na koma na karanta wasiƙarki ta farko, ga maganar nan a fili, ni kuma na bi ta kanta da dariya. Ki yafe min. Na zauna ina lissafa miki furanni da iska, ban tambaye ki me ya sa sai Agusta ba.

Na janye duk abin da na ce. Ki zo yanzu. Ki bar aikin a ranar da likita ya sa, kada a matsar da shi ko da kwana ɗaya. In kika ɗaga shi saboda ni, Inna, ban san yadda zan ƙara kallon garin nan ba.

Ga yadda ake Agusta a nan, tunda mutanen garin ma ba gudu suke ba. Da sassafe za mu riƙa fita, bayan asuba, kafin rana ta yi ƙarfi, mu dawo da hantsi ki huta, sai la'asar mu sake fita. Ki ɗauko atamfa marasa nauyi da mayafin auduga, baƙar abaya za ta dafa ki. Lema zan saya miki a nan, ita ce ta rana ita ce ta ruwa. Maganin ɗigawarki ki sa a jakar hannu tare da takardar likita, kada ya shiga akwati. Ki tambayi likitan ko akwai abin da zai hana ki hawa jirgi, in ya ce babu, shi ke nan.

Mai masaukin ta yarda ta dawo da ɗakin zuwa wannan watan. Na je na duba da kaina: ba matakala, fitilun suna da haske, tagar tana kallon ruwa. Zan zo har Gwanzo in tarye ku, mu hau jirgin ƙasa tare, ki zauna ta taga. A hagunki zan riƙa tafiya ko'ina.

In guguwa ta zo, ta zo. Mu zauna a ɗaki ki yi min miyar kuka.

Ɗanki,
Izzuddeen

*

Al Satwa
Farkon Agusta

Ɗana,

Lafiya lau, idon da sauƙi. Na kira asibiti, aiki yana nan a Satumba. Likita ya ce in hau jirgina.

Babanka bakinsa ba ya riƙe magana, amma na yafe masa, kai ma na yafe maka. Ni ma da na faɗa maka kai tsaye da ba a kai ga haka ba. Sunan ciwon ne ba na son furtawa.

Ka yi aski kafin mu zo.

Innarka

*

Al Satwa
Ƙarshen Agusta

Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Mun sauka lafiya. Muna fitowa daga filin jirgi zafin Dubai ya mare ni, na ce marhaba, mun dawo gida. Babanka ya wuce Al Sabkha tun kafin in kwance akwati. Wannan Safiya ce take buga min, ni ina faɗa, don likita ya ce in rage kallon waya kafin aiki.

Tun da na dawo matan layinmu suke shigowa shago, wai in ba su labarin Sin. Har Maryam 'yar Filifin mai wanki da guga ta zo. Na ce musu ɗana ya yi gaskiya, guguwa ta zo. Suka ce, "Ayya, hutu ya lalace." Na ce ina! Ni da na shekara ashirin a garin da in an yi yayyafi yara suke fita ɗaukar hoto, a ce in zauna a taga in ga ruwa yana tafiya a kwance, itatuwa suna ruku'u, teku ta koma kalar toka tana dukan katanga, a ce min hutu ya lalace? Na tuna damunar Kano muna yara, ni da mahaifiyarka muna tara ruwan indararo. Da ban zo ba sai Oktoba, da wa zai nuna min wannan?

Kuma a kwana biyun nan da muka yi a kulle na gan ka sosai. A titi kai kullum kana hagu, muryarka kawai nake ji: "Inna, ga tudu. Inna, ga keke." A ɗakin nan kuwa ka zauna a gabana kana tsinke kan kifi, na ƙare maka kallo. Goshin Yaya Halima ne da kai sak, har yadda take tattare shi in tana aiki. Ban faɗa maka a lokacin ba don kada ka ce zan fara kuka.

Na ba su labarin tsibirin nan da ba mota. Washegarin guguwa, ko'ina a wanke, ganye a ƙasa, mutane suna ta shara. Na ce musu mun bi wani lungu sai muka ji ana kaɗa fiyano daga wani tsohon gida, Babanka ya tsaya cak da ledar kayansa, shi da ko rediyo ba ya saurara in ba labarai ba. Na ba su labarin tsohuwar da ta kama mayafina tana juya bakinsa, ta duba ɗinkin ciki, ta ɗaga min babban yatsa. Ba ta jin yarena ba na jin nata, amma na san tela ce, don ba mai duba cikin ɗinki sai tela. Ka gaya min me ta ce da muka rabu, ka yi dariya ka ƙi fassarawa.

Shayin nan nasu dai har yanzu ban ga abin so a cikinsa ba. Na sha ne don kunya.

Masallacin dutse kuwa, Babanka ya karanta min ayoyin bangon, ni na bi su da yatsa. Inda muka tsaya babu rufi, sai ginshiƙai da ciyawa da sama. Na yi maka addu'a a wurin, na yi wa Yaya.

Ɗakinka na gani, ya isa. Sai dai tukunyar nan ka riƙa wanke ta a ranar da ka yi girki.

Talata za a shiga da ni. Ba na jin tsoro kamar da. Ka yi min addu'a, kuma kada ka bar karatu ka ce za ka taho, Babanka da Safiya suna nan.

Innarka,
Maimunatu

*

Xiamen
Farkon Satumba

Inna,

Ina gaishe ki da jiki. Baba ya kira ni da aka fito da ke, amma layin ya yanke yana cewa "likita ya ce", ban ji sauran ba. Na kira har na gaji, daga baya ya turo min "Alhamdulillah" kawai. Na san Baba, zai iya rubuta haka ko an dace ko ba a dace ba. Tun ranar nake zuwa ɗakin bincike ina dawowa ban san abin da na auna ba.

Ranar Juma'a na roƙi liman aka yi miki addu'a. Mai taliyar nan mai farar hula ma ya tambaye ni ke, ya ce yajin da kika bar masa ya sa shi hawaye amma ya cinye.

Tsohuwar tsibiri cewa ta yi, wannan ɗan naki ya rame, ki riƙa ba shi abinci. Yanzu kin ga dalilin da na ƙi fassarawa.

Duk wanda ya karanta miki wannan, don Allah ya rubuto min gaskiyar yadda ake ciki.

Ɗanki,
Izzuddeen

*

Al Satwa
Ƙarshen Satumba

Ɗana Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, Babanka lafiya. Ka yi haƙuri da shirun. Safiya ta so ta amsa maka tun a makon farko, Babanka ma ya gaya maka ta waya an dace, na san kuma ba ka yarda ba. Ni na ce su bar min wannan.

Ga gaskiyar. Na hagu ya tafi, wannan mun sani. Na dama likita ya ce hawan ya sauka, kuma abin da nake gani da shi yana nan, in na kiyaye magani da zuwa awo. Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Kwanakin farko komai dishi-dishi ne, na tsorata, ban gaya wa kowa ba. Shwayya shwayya, a hankali a hankali, ya washe.

Ranar da aka cire bandejin, abin da na fara gani fuskar Babanka ce, ya matso da ita har hancinsa yana neman taɓa nawa. Ashe gemunsa duk ya yi fari, ban san yaushe ba. Idonsa yana ta ruwa. Na ce, "Alhaji, kuka kake?" Ya ce sanyin na'urar ɗakin ne. Likita da nas suka juya baya suna dariya.

Aikin duwatsu da zaren ado na bar wa Safiya, ta fi ni hannu yanzu, duk da ban gaya mata ba. Ni na koma yanka da karɓar masu kawo ɗinki. Almakashi bai ƙi ni ba. Jiya na yanka abaya uku, ba wadda ta karkace.

Ka kwantar da hankalinka ka koma kan awon ruwanka. Ka ci abinci, tunda har mutanen Sin sun fara yi min gori.

Wannan ni na rubuta da hannuna, tun bayan azahar nake kai, ga shi ana kiran la'asar. In ka ga kuskure ka bar shi yadda yake.

Innarka,
Maimunatu